Sanarwa Kafin Hari

A wasan yaƙin da muke bugawa a waya, ni sarki ne mai mutunci, ba na kai hari a ɓoye. Shi ya sa na taka har garejin Chinedu makanike a Liman Abaji, na ce masa, "Gobe bayan la'asar rundunata za ta afka wa garinka. Ka shirya."

Ya yi godiya, har ya sayo mini lemo. Ina cikin sha, shi kuma yana ta latsa wayarsa, sai tawa ta yi ƙara. Ya ƙone garina ƙurmus.

"Wannan ai cin amana ne!" na ce.

"Oga, yaƙi ne. Shanye lemonka."

Na sake gini, gonakina biyu sun farfaɗo. Amma har yau da ya hango ni sai ya ɗaga murya: "A kawo lemo, sarki ya zo da sanarwa!"