Yatsun Kakan Hajara

Komai daɗewa ba zan manta da ranar da na je gaida kakan Hajara a unguwar Misfala da ke kusa da Harami ba. Ina neman aurenta, tsohon ya zo umara daga Najeriya, kuma kowa ya san babanta ba ya yanke magana sai da yardarsa. Da na ji an ce maharbi ne a da, sai na ce to, na samu ƙofar shiga.

(Ni kuwa duk sanina da bindiga, sau ɗaya abokai suka kai ni sahara, can nesa da Harami. Na harbi gwangwani sau biyar, ko motsi bai yi ba.)

Ina zama ya dube ni ya ce, "Kai ne mai son ƙwace mini mata?" Aka yi dariya, daɗi ya kwashe ni, na shiga zuba. Na ce harsashin kamfani inji ne ke auna shi, kowanne daidai da ɗan'uwansa. "Amma masu ɗura albarushi da hannu, wallahi ya jaddi, kakana, ganganci ne kawai. Shi ya sa rabinsu ba su da yatsu."

Tsohon ya ajiye kofin gahawa, ya zaro hannun hagunsa daga cikin riga. Yatsu uku ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Yaro," ya ce a hankali, "inji bai san zabo ba, bai san gada ba. Ni nakan rage wa zabo don kada nama ya lalace, in ƙara wa gada don kada ta sha wahala. Wannan hannun kuwa gaggawa ce. Baban Hajara na kwance da zazzaɓi yana ƙarami, ya ce romo yake so. Na ɗura ban auna ba."

Baban Hajara da ke zaune a gefe ya sunkuyar da kai yana share ido. Ashe bai taɓa jin labarin ba sai ranar.

Na durƙusa na ce, "Kaka, ka yafe mini." Ya kama hannuna da yatsun nan uku, ya matse. "Halas, ya wuce. Gaggawa ce, na san ta. Na bar maka matar, ka riƙe ta da kyau."

Na so tsohon nan har ya koma ga Allah. Kuma tun daga ranar, kafin in koya wa mutum sana'arsa, sai na fara duba hannayensa, duka biyun.