Kamiyo a Cikin Rumbu

Da gemuna da 'ya'yana huɗu na fara ganin kamiyo, babbar motar kaya, a Madawa, na rantse sai na ƙera irinsa da karan dawa. Direban ya ba ni ragowar jan fenti, ya ce, "A fili za ka shafa, malam." Na yi murmushi. Ni da na girma cikin hayaƙin bukka, wari ne zai kayar da ni?

Gudun dariyar mutanen garinmu Tamaske, na ɗauki kamiyon karan da na ƙera, na dira cikin rumbunmu da babu hatsi, na ja murfi, na bar 'yar kafar haske. Na sirka fentin da kananzir.

Taya biyu na shafa, bango ya fara juyawa. Ni dai a sanina ina tuƙi zuwa Tawa, ina rurin mota da baki, ina kiran sunan garin. Matata kuwa ta ji rumbu yana gurnani, ta kira liman. Ya gama tofi sarai kafin wana ya leƙa ya ce, "Aljanin naku ƙanena ne."

Da igiyar rijiya aka jawo ni, ina amai, gemu ja wur. Kwana uku kaina yana sarawa.

Har yau in zan hau rumbu, sai wana ya ce, "Direba, a gaida mutanen Tawa."