Ranar da Na Zama Malam Batir

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shanye kofin man gyaɗa a gaban Maigari ba, ko da mutanen Kucheri sun tausaya mini sun manta (kuma ban ga alamar za su yi ba).

Lokacin ban daɗe da gama karatun kimiyyar muhalli ba, ina zaune a Gusau, kaina cike fal da Turanci. Sai Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, ta aiko in zo. Ita da matan unguwarsu ƙuli-ƙuli suke yi suna matsar mai, ruwan wanke-wankensu kuma yana gangarawa tafkin da shanu ke sha. Masu shanu suka kai ƙara cewa maiƙon guba ne, zai taru a jikin dabbobinsu. Maigari ya ce in haka ne za a hana matan sana'ar a wurin. Da ƙulin nan kuwa Gwaggo ke riƙe da marayunta.

Na san amsar, kuma mai daɗi ce. Maiƙon gyaɗa ba kamar wasu magungunan feshi ba ne, masu daɗewa a ƙasa su kuma maƙale a kitsen dabba. Ƙwayoyin halitta na ƙasa da na ruwa suna cinye shi, jiki ma narka shi yake yi. Illarsa dai in ya yi yawa ya lulluɓe tafki, kifi kan rasa iska. A haƙa wa matan rami nesa da ruwa, magana ta ƙare. Da iyakar abin da na faɗa ke nan, da na koma gida da mutuncina.

Amma da na ga taro a ƙofar Maigari, ga tabarma an shimfiɗa mini ni kaɗai, sai kaina ya kumbura. Na gyara murya na ce, "A kimiyyance, man gyaɗa ba komai ba ne illa tarin asid mai maiƙo."

Baba Ɗanjuma, dattijon masu shanu, ya karkato kunne. "Mi kac ce, ɗana? Asid? Ruwan batir ke nan?"

(A nan mai hankali zai ce a'a.) Ni kuwa na yi murmushin masana na ce, "To, sunan dai ɗaya ne, Baba."

Ban rufe baki ba wuri ya hargitse. Wata mata ta fizge ƙulin da ke bakin ɗiyarta. Na dubi Gwaggo, ta dube ni. Yanzu ba maganar tafki ake ba, ko a kasuwa ba mai sake sayen manta, kuma ni na ja mata.

Nan take dabara ta zo mini. Na sa aka kawo man, na cika kofin silba har baki, na ɗaga shi sama. "Ku shaida, ba ya cutarwa, kuma ba ya taruwa a jiki." Na yi bismilla na shanye tas.

Hankali ya ɗan kwanta. Maigari ya ce, "To, mu zamna mu ga abin da za shi yi mai."

Bayan azahar muka dawo tabarma. Ina cikin bayanin zurfin ramin da za a haƙa wa matan sai cikina ya yi wani ƙugi, har na kusa da ni ya waiga. Na ƙara ɗaga murya. Zufa ta karyo mini. Ban kai ƙarshen jumlar ba na miƙe, na wawuri butar liman, na tattare babbar riga, na ruga gidan Gwaggo da takalmi ƙafa ɗaya.

Da na dawo, ba wanda ya tashi daga taron. Maigari ya dube ni sama da ƙasa, bai ko yi murmushi ba. "Jama'a, kun dai gani da idonku. Yaron ga gaskiya yaf faɗi. Wanga mai ba ya zama ga jiki."

Baba Ɗanjuma ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Aka haƙa ramin, Gwaggo ta ci gaba da sana'arta, ni kuma na samu suna, har yau in na sauka tasha sai a ce Malam Batir ya iso.

Tun ranar nake faɗin ilimina da Hausar da Gwaggo ke ji. In kuma aka matsa sai na kawo hujja, cokali ɗaya ya isa.