Dakuwar Babban Zomo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ci abincin zomo a gaban surukina ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina (ya ma fara, jiya da hula a kai na zagaye gida ina neman hula).

Abin ya samo asali ne bara waccan, da lokotoro ya auna jinina ya ce sukari ya yi yawa. Ya hana ni shayi mai zaƙi, ya hana ni alkaki, ya hana ni dakuwa, ya kuma hana ni gangarawa kwari wajen lambuna da tsakar rana. Ɗiyata Hadiza, wadda ke aikin jinya a Damagaram, ta taso takanas har Gure ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, ba wasa nake ba. Ranar da na ji ka sake taɓa sukari, mota zan turo a ɗauko ka, ka zauna inda idona ke ganinka." Ku ji fa. Ni da gemuna fari fat, a kwashe ni a kai ni gidan mijin ɗiyata kamar kayan ɗaki, in bar gidana, in bar majalisarmu ta ƙofar butik, wato kantin unguwa, inda babu mai gardama da ni ya yi nasara. Na rantse mata na daina.

Don kada zaman banza ya kashe ni kafin sukari, sai ta bar mini zomaye biyu. Ba na yanka ba ne, in ji ta, na kallo ne. Na sa wa namijin Kumandan saboda yadda yake harara, macen kuma Madam. Gaskiya na so su. Na gina musu ɗan ɗaki a bayan gida, na je wurin malamin dabbobi da kaye da bik, wato littafi da biro, ya karanto mini yadda ake yi musu ɗan abin marmari na rubuta (aji uku na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, kafin mahaifina ya ce rakuma sun fi mushe, wato malamin ajinmu, bukatata, amma rubutun nan har yau ina iya karanta rabinsa).

Ga yadda ake yi, don kada a ce labarin nan babu amfani. A daka busasshiyar harawa ta yi laushi, a zuba dusar gero, a ƙara garin zogale, a goga karoti kaɗan, a yayyafa ruwa a murza a dunƙula ƙanana. Ba sukari, ba mai, ba gishiri, cikin zomo ba ya ɗauka. A jera a faifai a rufe da yanki mai shara-shara saboda ƙuda, a shanya kwana uku. In ka matsa ya lotsa, bai bushe ba. Na farko da na yi da damina na ƙulle a leda, kwana huɗu na buɗe na tarar ya fitar da gemu ya fi nawa. Daga nan na koyi sa shi a gwangwanin madara mai murfi gam, a ɗora bisa katako nesa da laima, a ba su ɗaya ko biyu a yini.

To, ranar da na jera na biyu a faifai na ja da baya ina kallo, sai Shaiɗan ya dafa kafaɗata. Girmansu ɗaya da dakuwa. Launinsu ɗaya da dakuwa. Washegari na dawo daga kasuwa da gwangwani na biyu a ƙarƙashin riga, cike da dakuwar aya mai sukari, irin wadda ke narkewa kafin haƙori ya iso (ni kuwa haƙoran da suka rage mini ba su da yawa). Na rubuta LAPIN a jikin kowane, wato zomo da Faransanci, na ɗiga ɗan ɗigo a gindin nawa. Na ce a raina, uwargidana Hajiya Fanna ko ƙofar lakwal ba ta taɓa takawa ba, kuma ba ta son warin ɗakin zomaye. Ilimi ya yi rana.

Nan fa na zama abin misali a unguwa. Sau biyar nake leƙa zomaye a yini, kamar salla. Maƙwabta na cewa ba su taɓa ganin tsoho mai tausayin dabba irina ba. Wata rana na fito ina lasar baki, Hajiya na tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta ce, "Malam, mene ne a gemunka?"

Na shafa, ga ɓarɓashi. Ban ko ƙifta ido ba na ce, "Ɗanɗanawa nake. Malamin dabbobi ya ce kada a ba zomo abin da mutum bai fara tabbatarwa ba."

"Kullum?"

"Kullum. Amana ce."

Ta ce, "Allah ya ba da lada," ta ci gaba da tankaɗenta. Da ina da hankali da nan na tsorata. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ba ta taɓa barin magana ta mutu da sauƙi haka ba.

Sai ga Alhaji Ari ya zo gaisuwa daga Kelle. Shi ne mahaifin mijin Hadiza, dillalin dabbobi, mutum mai nauyi wanda ko dariya sai ya yi shawara da gemunsa. Tsakanina da shi kunya ce zalla, ko ruwa ba na sha da ƙara a gabansa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ci tuwo, aka wanke hannu. Ni kuma bakina da ba ya zama wuri ɗaya na shiga ba shi labarin Kumandan da Madam, da irin abin marmarin da nake haɗa musu, wanda ko a Yamai ban ce akwai mai yin irinsa ba.

Kamar jira take. Hajiya ta yi sallama ta shigo da gwangwani ta ajiye tsakaninmu, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Na saci kallon gindinsa. Babu ɗigo.

Ta ce, "Alhaji, ai ba ka ga komai ba. Malam ba ya ba su sai ya ɗanɗana da bakinsa. Kullum. Malam, nuna wa Alhaji."

Na ce ai yanzu na ƙoshi. Ta ce, "Jiya ma bayan tuwo ka shiga wurinsu, na ji kana tauna."

Alhaji Ari ya zuba mini ido. Na ɗauki ɗaya na yi bisimilla. Jama'a, aikina ya yi kyau, ya bushe yadda ake so, sai da na juya shi sau uku kafin na sami haƙorin da zai karɓe shi. Ɗanɗanonsa kamar ka lashi bayan akurki. Harawa ta maƙale mini a maƙogwaro, hawaye ya cika ido, na gyaɗa kai na ce, "Ya yi daidai."

"Biyar yake ci," in ji Hajiya.

Ina kan na uku, sai Alhaji, don kara, don kada a bar suruki yana ci shi kaɗai, ya miƙa hannu. Nan ne ya kamata in riƙe hannunsa in faɗi gaskiya. Amma a zuciyata na hango motar Damagaram tsaye a ƙofar gidana. Na bar dattijo mai jikoki ya jefa abincin zomo a baki.

Ya tauna a hankali, ido a rufe, irin yadda yake duba dabba a kasuwa. Can ya ce, "Harawar wake, ta bana. Dusar gero. Wannan ɗacin zogale ne." Ya haɗiye da ƙyar. "Malam, ai abin da nake ba ragon layyata ke nan. Kai kuwa kumatunka ba na mai cin harawa ba ne."

Hajiya ta zaro gwangwani na biyu daga cikin mayafi ta tura gabansa. "Ga na babban zomon, Alhaji. Ni ban iya karatu ba, amma kiyashi sun iya. Gwangwani biyu a katako ɗaya, rubutu iri ɗaya, su kuwa layi suke yi zuwa guda kawai. Na ce bari in ga me suka karanta."

Ya buɗe. Ƙamshin aya ya cika zaure. Ban san inda zan sa fuskata ba, ga harawa a haƙori, ga suruki a gaba. Na ji bakina na cewa, "Wannan na Kumandan ne, in ya yi rashin lafiya." Alhaji ya gyara zama. Ya ɗauki dakuwar nan ɗaya bayan ɗaya ya cinye a gabana, guda tara, yana cewa wanke baki yake. Ina kallo.

Da na raka shi tasha na ajiye girma na roƙe shi. "Alhaji, don Allah kada Hadiza ta ji." Ya dafa ƙirji ya ce, "Daga bakina ba za ta ji ba." Kuma mutumin kirki ne, ya cika alkawari. Ɗansa kawai ya gaya wa.

Ranar Laraba mota ta zo. Kwana arba'in na yi a Damagaram ina cin salati da dafaffen zogale (abincin zomo dai, sai dai a faranti), mijin ɗiyata na gaishe ni safe da yamma yana kallon ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Sai da awo ya sauka aka sallame ni, bisa sharaɗin mabuɗin ɗakin zomaye ya koma hannun Hajiya. Yanzu in zan ga Kumandan sai na nemi izini, a raka ni, a laluba aljihuna a hanyar fita.

Shawarata ga masu kiwon zomo ita ce: a shanya sosai, a rufe gam, gwangwani ɗaya ya isa. In kuma har dole sai ka yi wa matarka ƙarya cewa kana cin wani abu kullum, to ka zaɓi abin da za ka iya haɗiyewa a gaban baƙo.