Ranar da Na Girgiza Motar Matata a Gaban Jama'a

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tsaya a tsakiyar garejin kamfanin motoci, sanye da shadda mai sitaci, ina girgiza motar matata da iya ƙarfina. Mutum kusan goma suna kallo. Kuma babu wanda ya tilasta min, da ƙafata na je.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, haihuwar Gangare, mazaunin Kwararafa. Motar ta Maman Hanifa ce, matata, ma'aikaciyar jinya, wadda ta yi shekara uku tana zubin adashi kafin ta saya. Ni dai nawa ba da shawarar da ba a nema ba ne, sai kuma shan mai. Wannan aikin na ƙwace shi tun farko, na ce mata ba kowa ya iya shan mai ba (Allah Ya yafe min wannan magana).

Wata rana motar ta fara warin fetur, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Maman Hanifa ta kai ta kamfanin da ta saya, ta dawo da takarda. Za a canja tanki, da famfon mai, da tiyo, da wani abu wai shi kanista. Kuɗin ya haɗiye albashina na wata huɗu.

Ta zauna bakin gado ta ce, "Baban Hanifa, zan sayar da 'yan kunnen Inna."

'Yan kunnen gwal ne da marigayiya mahaifiyarta ta bar mata, ba ta da wani abin tunawa da ita sai su. Na ce ta dakata. Ta ce ita ba za ta ci gaba da ɗaukar yara a motar da za ta iya kamawa da wuta ba. Gaskiyarta ce, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. Na roƙi mako ɗaya, yara su hau keke-napep kafin nan.

A wannan makon na yi aikin da har gobe nake alfahari da shi. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar kwana uku, ko ɗigo ɗaya bai sauka ba. Ke nan ba mai ne ke zuba ba, tururinsa ne ke fita. Na duba robar murfin tanki, lafiyarta lau. Sai na koma bin hanci, na zagaye motar da rarrafe ina shinshina kamar akuya a kasuwar 'yan tumatir (maƙwabcina ya leƙo ta katanga, ya koma). Warin ya fi ƙarfi a bayan tayar baya, wajen wani baƙin akwatin roba. Na bincika na gano shi ne kanistan: gawayi ne a cikinsa, aikinsa ya tsotse tururin fetur kada ya fita waje. Na kuma rubuta a littafina cewa warin ya fi tsanani ranar da aka cika tanki. Har layi biyu na ja a ƙarƙashin wannan jimla, amma ban tambayi kaina dalili ba.

Ranar Asabar muka isa kamfanin, ni da littafina, ita da 'yan kunnen a ƙulle cikin jaka, don ba ta gama yarda da ni ba. Wanda ya rubuta takardar, Oga Chinedu, ya tarbe mu da fara'a.

Na ce, "Tankin nan a ina ya huje?"

Ya ce, "Oga, kwamfuta ne ya faɗa."

Na ce, "Kwamfuta ta ce tururi yana fita, ba ta ce daga tanki ba. A nuna min hujin in gani da idona, in biya."

Ya sosa ƙeya. "Mu a nan muna canja duka ne, don kar kwastoma ya dawo."

Na ce ai ba za mu dawo ba kam, tunda ba za a bar mana ko kuɗin mai ba.

Ya kira babban makanikinsu, wani dattijo mai furfura da ake ce wa Baba Dung. Baba Dung ya jawo wata na'ura ya hura farin hayaƙi cikin hanyar mai, muka tsugunna muna kallo. Tanki shiru. Tiyo shiru. Hayaƙin bai fito ta ko'ina ba sai ta wajen akwatin nan da hancina ya nuna min. Ya kwance shi, ya jinjina nauyinsa, ya karkata shi, sai ga fetur yana tsiyayowa.

Oga Chinedu ya ɗauki biro ya soke layi uku daga cikin huɗu. Maman Hanifa ta dube ni da irin kallon da rabona da shi tun muna saurayi da budurwa. Da ina da hankali, nan zan yi godiya mu tafi. Amma kaina ya riga ya kumbura. Na gyara hula, na ɗaga murya yadda masu jiran motocinsu za su ji, na ce to yanzu a yi min bayani, don me aka sayar wa matata mota da lalataccen kanista.

Baba Dung ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Ticha, wane ne yana shan mai a wannan mota?"

Na ce, "Ni ne, ba na bar wa kowa."

"Yaya kana yi?"

Tambayar ta yi min daɗi. Na bayyana masa dabarar da na koya a layin mai na Gada Biyu lokacin wahalar fetur: idan famfon gidan mai ya yi ƙas ya tsaya, ba cika tanki ya yi ba, iska ce ta tokare. Sai ka girgiza motar iskar ta fita, a ƙara, ka sake girgizawa, a ƙara, har ka ga mai a bakin tanki.

Ya ce, "Nuna mana."

Na naɗe hannun riga, na dafa bayan motar, na shiga jijjiga ta. Hulata ta faɗi ban kula ba. Har ina bayani ina haki, ina cewa sirrin a gwiwa yake. Dattijon nan ya bar ni na yi mai isata.

Sannan ya ce, a hankali, "Wannan iska da kana kora, wurin tururi ne, da gangan an bar shi. Ka cika wurin da mai, mai ya gangara cikin gawayi ya jiƙa shi. Kanista ba shi da laifi, Ticha. Kai ne kana ba shi fetur ya sha."

Wata mata da ke jiran motarta ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa hannuwana suna kan bayan motar, na rasa yadda zan ɗauke su. Kunya ta rufe ni har cikin kunne. Maman Hanifa ta tsinci hulata, ta kaɗe ta, ta miƙo min.

Ta ce, "Baba, shekara biyu ina ce masa ya daina. Sai ya ce min kimiyya ce."

Kanista kaɗai aka canja, kuma daga aljihuna, ban yi gardama ba. Ranar Litinin na bi malaman makarantarmu ɗaya bayan ɗaya ina janye darasin girgiza, don aƙalla biyar ni na koya musu. Amma 'yan kunnen Inna suna nan. Ta sa su ranar saukar Alƙur'anin Hanifa, kuma duk juyawar da ta yi suka yi walƙiya sai na ji wuyana ya ƙara tsawo. Ni na hana a sayar da su, ko da yake ni ne na kusa jawo sayarwar.

Har yanzu ina gaya wa mutane kada su biya kuɗin gyara sai an nuna musu hujin. Abin da na ƙara sani shi ne, idan aka soke maka layi uku, ka yi godiya ka kama hanyar gida. Yanzu ita ke shan mai, ni ina kujerar gefe. Idan famfo ya yi ƙas sai ta waigo ta dube ni, ni kuma in ɗora hannuwana a kan gwiwa inda za ta gan su.