Rasuwar Doña Tencha Bayan Ta Faɗi Gwajin Hayaƙi Sau Uku

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Eusebio Xolalpa, mai sayar da furanni a Xochimilco, nake sanar da dangi da maƙwabta cewa motarmu, Doña Tencha, wato Uwargida Tencha, ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, tana da shekara talatin da ɗaya a duniya.

Marigayiya koriya ce, gajera, mai ƙusumbi kamar kunkuru. Duk unguwa an san muryarta. Kowace safiya sai ta ce "kyar-kyar-kyar" sau uku, ta yi shiru kamar mai nazari, sannan ta saki "tum!" ɗaya da ke tayar da karnukan layi. Ba ta taɓa ƙin kaya ba. Ta ɗauki tukwanen furanni har bisa rufinta, ta ɗauki surukata da kajinta. A kujerarta ta baya naƙuda ta kama 'yarmu Itzel, kuma ranar ce kaɗai a rayuwarta ta wuce wata mota a kan titi.

Aibinta ɗaya ne, Allah ya yafe mata: hayaƙi. Idan ta wuce, masu shanya kan fito da gudu su kwashe kayansu.

Jinyar ta fara ne watan jiya, da na kai ta wurin awon hayaƙi kamar yadda doka ta ce. Suka zura mata ƙarfe a salansa. Ma'aikaciyar ta dubi na'ura, ta dube ni, ta ce, "Baba, da itace take aiki?" Ta miƙo mini takardar faɗuwa, ta ce in gyara in dawo kafin wa'adi ya cika.

Mun yi duk abin da ake yi wa majinyaci. Bakanikenta na shekara ashirin, Maestro Nicanor, ya juye baƙin mai, ya sauya fulogai da matatar iska, ya wanke kafireta. Ya ce in zaga da ita babban titi ta yi zafi kafin a auna. Na zaga. Ta sake faɗuwa. Nicanor ya buɗe inji, ya daɗe yana kallo, ya cire hularsa.

"Aminina," in ji shi, "ni bakanike ne, ba mai tayar da matattu ba. Mai take sha kamar yadda kake shan kofi."

Duk da haka na roƙe shi ya ƙara gwadawa. A zuwa na uku, muna cikin layi, wani mutum mai baƙin tabarau ya leƙo ta taga, ya ce idan na ga dama akwai hanyar da ko murhun gawayi zai ci gwajin. Ba zan ɓoye ba, jama'a, hannuna ya kama hanyar aljihu. Ba Tencha, ba kasuwa. Sai matata Hermelinda, da ke zaune kusa da ni, ta riƙe hannun.

"Tsoho, takarda za ka saya ko huhu? Jikarka Xóchitl da ke tari tun Janairu, a bayan motar wa take zama?"

Na janye hannuna daga aljihu. Mai tabarau ya ƙara gaba. Tencha ta shiga da mutuncinta, ta faɗi da mutuncinta. Da muka iso ƙofar gida ta ce "fufff" a hankali, wani ɗan shuɗin hayaƙi ya tashi sama, rai ya yi halinsa. Hermelinda, wadda ta shekara talatin tana zaginta, ita ta fara share hawaye, ta ce wai hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Ta rasu ta bar ni, da Hermelinda, da Itzel da 'yarta Xóchitl. Da tayar safaya wadda ba ta taɓa samun iska ba. Da rediyo mai kama tasha ɗaya. Da baƙin tabon mai a ƙofar gida da ruwan damina talatin bai wanke ba. Ta kuma bar Nicanor, wanda ya fi kowa maraici. Furanni yanzu a motar ƙanena Fidencio suke zuwa kasuwa, kuma kullum sai ya tuna mini.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a taru a gidanmu, akwai tamales, wato alalen masara, da kofi, daga nan a raka ta filin masu sayen tsofaffin ƙarfe da ke bayan kasuwa. Kada kowa ya kawo furanni, muna da su. Motar janwe da muka yi magana da ita ba za ta samu zuwa ba, domin ita ma ta faɗi gwajin jiya, don haka da hannu za a tura mamaciya. Maza su sa takalma masu ƙarfi. Hanyar gangara ce, kuma marigayiya ta daɗe da rabuwa da birki.