Ƙugiya Ɗaya Tak

Wata huɗu na shafe ina haɗa manhajar da ke karanta wa ɗalibai makafi darasi da muryar Hausa. Ranar gwaji a wata makaranta da ke Dutse Uku na shiga da babbar riga, har na kira mai hoto.

Malama Rifkatu, malamarsu, ita ma ba ta gani, ita ce ta fara gwada wasan "gaskiya ko ƙarya". Da gangan ta ba da amsar da ba daidai ba.

Muryar ta ɗaga a gaban iyaye da shugaban makaranta: "Karya ce!"

Ashe na rubuta "ƙarya" babu ƙugiyar ƙ. Mai ido yakan wuce abinsa, amma na'ura abin da ka rubuta take faɗa.

Malama ta juyo wajena a hankali. "Oga, ni ce karyar?"

Ajin ya kece da dariya. Wata huɗu fa! Ba wanda ya yaba ko maɓalli ɗaya. Na gyara cikin minti biyu, amma wa ya damu?

Har yau in na shiga makarantar, da takuna suke gane ni. Kafin in yi sallama, sai haushi irin na kare ya tashi daga bayan aji.